Wa Ke Leƙa Ramin? Tarihin Dokar Kare Rayukan Mahaƙa

Babu mahaƙar kwal a Kazaure, babu a Roni, babu a Gwiwa ko Babura. Amma tun zamanin dalar gyaɗa mutanen wannan yanki suke cin moriyar kwal ba tare da sun taɓa ganin ramin da yake fitowa ba. Manomi ya sayar wa 'yan baranda gyaɗarsa, a labta wa jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, a nufi Kano. Daga Kano jirgin ƙasa ya ja ta zuwa bakin teku, kuma wutar da ke tafasa tukunyar wannan jirgi ta kwal ɗin Enugu ce, wanda wasu bayin Allah suka saro da diga a cikin duhu.

Yau abin ya fi haka matsowa kusa. Da an kammala kaka samari sukan watsu cin rani, kuma ba duka ke tsayawa a Kano ko Legas ba. Akwai masu wucewa wuraren haƙar zinare da kuza a Zamfara da Neja da Filato, akwai masu tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar. A gida ma ƙasar Kazaure ƙasar duwatsu ce: ga masu fasa dutse, ga masu haƙar yashi da marmara da jar ƙasar gini. Duk wanda ya shiga rami neman abinci, ya kamata a san awa nawa zai yi a ciki, a kuma san wanda ya duba ramin kafin ya sauka. Dokokin da suka fara kula da waɗannan abubuwa biyu a ramukan kwal aka haife su.

Mu fara da Ingila. A farkon ƙarni na 19, da injuna masu aiki da tururi suka cika ƙasar, kwal ya zama abincin masana'antu da jiragen ƙasa, masu mahaƙai kuwa ba su da mai ce musu don me. Iyali guda kan shiga rami tare. Uba yana sara, uwa tana jan akwatin kwal da sarƙa ɗaure a ƙugu, tana rarrafe saboda rufin bai kai a miƙe tsaye ba. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 kuma a zaunar da shi bakin wata ƙofar katako da ke juya iskar ramin, aikinsa ya buɗe in kaya za su wuce, sannan ya rufe. Awa 12 zai yi a nan shi kaɗai, sau da yawa ko kyandir babu. Da sanyi yakan shiga kafin gari ya waye ya fito bayan rana ta faɗi, sai ranar Lahadi yake ganin hasken rana.

Ranar 4 ga Yuli, 1838, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙauyen Silkstone na yankin Yorkshire. Rafi ya cika ya kwararo cikin mahaƙar Huskar, ya ritsa yara a hanyar fita, ya cinye 26 daga cikinsu, ƙaraminsu ɗan shekara 7. Labarin ya girgiza ƙasar. A 1840 aka kafa kwamitin bincike, rahotonsa ya fito a 1842 ɗauke da zane-zanen mata da yara suna jan kaya a ƙarƙashin ƙasa, kuma a wannan shekara wani ɗan majalisa, Lord Ashley, ya tsaya tsayin daka har aka yi dokar da ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a cikin rami.

To, amma doka ba ta tafiya da ƙafarta. A 1843 aka naɗa mutum ɗaya tal, Seymour Tremenheere, ya sa ido a kan mahaƙan Birtaniya baki ɗaya, kuma aikinsa a bakin rami ya tsaya. Sai a 1850 aka yi dokar da ta ba sufetoci ikon sauka ciki da ƙafarsu, su ga taswirar ramin, a kuma tilasta wa mai mahaƙa ya kai rahoton duk haɗarin da aka rasa rai a cikinsa. Da sufetoci 4 aka fara. Wannan shi ne asalin abin da ake kira binciken gwamnati a mahaƙan Birtaniya: ma'aikacin da ba mai ramin ke biyan sa ba, wanda ke da ikon ya ce a dakata.

Akwai wani haɗari da ya kamata duk mai haƙa a ƙasar Hausa ya san labarinsa. Ranar 16 ga Janairu, 1862, a mahaƙar Hartley da ke arewa maso gabashin Ingila, ƙaton ƙarfen injin zuƙe ruwa ya karye, rabinsa ya rufta cikin bakin ramin, ya tafi da katakai da duwatsu ya toshe hanya. Bakin nan kuwa ɗaya ne. Ta nan ake shiga, ta nan ake fita, ta nan iska ke sauka. Mutum 204 suka rasu, manya da yara, kuma mafi yawansu ba abin da ya faɗo musu; gurɓatacciyar iska ce ta kashe su suna zaune suna jiran ceto. Sai bayan kwana 6 masu ceto suka iso inda suke. Kafin shekarar ta fita majalisa ta wajabta wa kowace mahaƙar kwal ta kasance da baki biyu. Shekara 10 bayan haka aka ƙara cewa manajan mahaƙa sai mai takardar shaidar ƙwarewa, aka kuma ba ma'aikata damar zaɓen nasu wakilan da za su riƙa duba ramin.

Batun awannin aiki ya fi daɗewa ana ja-in-ja a kansa, domin shi ne ke taɓa aljihun mai mahaƙa kai tsaye. Mahaƙa sun daɗe da sanin cewa mutumin da ya gaji ba ya jin ƙarar rufi idan ya fara tsagewa, ba ya tsayawa kafa tokara yadda ya kamata, kuma kowace ƙarin awa ƙarin ƙura ce a huhu. Sai a 1908 Birtaniya ta ƙayyade awa 8 ga masu aiki a ƙarƙashin ƙasa. A 1919, da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, yarjejeniyarta ta farko a kan wannan batu ce: awa 8 a rana, 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu da mahaƙai. Duk da dokokin Birtaniya, a Oktoban 1913 iskar gas ta fashe a mahaƙar Senghenydd ta yankin Wales ta kashe mahaƙa 439. Bincike ya nuna an karya doka, kotu ta ci manajan tarar fam 24, wato kimanin sule ɗaya a kan kowane rai.

Turawan Birtaniya, da suka riga suka san duk wannan, su ne suka buɗe mahaƙar kwal ta farko a Najeriya bayan shekara biyu kacal. A 1909 masanin duwatsu Albert Kitson ya tabbatar da akwai kwal a tsaunukan Udi. Aka fara haƙa a 1915, layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1916, aka buɗe mahaƙar Iva Valley a 1917, garin Enugu ya tsiro a gindin tsaunin. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, kwal ya riƙa zuwa Arewa kai tsaye ba tare da an tsallaka da shi Binuwai a jirgin fito ba. Leburorin farko ba duka ne suka zo da son ransu ba. An yi amfani da fursunoni, an kuma ɗora wa sarakunan da Turawa suka naɗa, irin su Onyeama na Eke, su kawo mutane, su kuma suna cin rabonsu daga gumin waɗanda suka kawo.

A nan ne tarihinmu ya rabu da na Ingila, kuma a ganina har yau muna ɗauke da tabon. A can, mai mahaƙa ɗan kasuwa ne, mai bincike kuma gwamnati, saboda haka akwai wanda ake jin tsoro. A Enugu gwamnatin mulkin mallaka ce mai ramin, da farko ma a ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa yake. Ita ce babbar mai sayen kwal ɗin, ita ke yanke lada, ita ke da 'yan sanda da kotu. Lebura ya kai ƙarar wa, wurin wa? Ana biyan masu sara ne gwargwadon yawan akwatunan da suka cika, abin da ke sa mutum ya manta da agogo. Ga kuma wata al'ada ta rubuta sunayen leburori fiye da yadda ake buƙata, kullum su taru a bakin rami a zaɓi wasu, saura su koma gida hannu rabbana. Wanda ya san akwai goma a bayansa masu jiran gurbinsa ba zai buɗe baki ya ce rufi na tsagewa ba. Dokar da ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago sai a 1938 ta zo, ta biyan diyyar rauni a wurin aiki kuma a 1941, bayan fiye da shekara 20 ana haƙa.

A Nuwamban 1949 ƙungiyar mahaƙan Enugu, ƙarƙashin sakatarenta Okwudili Ojiyi, ta shiga jan ƙafa a wurin aiki tana neman bashin kuɗaɗen da ma'aikata ke ganin an danne musu. Hukumar mahaƙa ta kori masu sara, su kuma suka zauna cikin rami suka ƙi fita don kada a kawo wasu a madadinsu. Hankalin gwamnati bai tafi ga koken ba, ya tafi ga nakiyar fasa dutse da ke ajiye a ma'aji, tana tsoron kada ta faɗa hannun matasa masu fafutukar 'yanci. Ranar 18 ga Nuwamba aka tura 'yan sanda Iva Valley su kwashe ta. Mahaƙa suka taru, babu mai bindiga a cikinsu. Babban jami'in 'yan sanda, Bature F. S. Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba. Kwamitin binciken da alƙali William Fitzgerald ya jagoranta ya ce Philip ya yi kuskuren yanke shawara, ba a kuma gurfanar da shi gaban kotu ba. A 1950 aka miƙa mahaƙan ga sabuwar Hukumar Kwal ta Najeriya.

Arewa ta ɗanɗani nata a filayen kuza na Jos. Tun kafin zuwan Turawa Hausawa na narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, amma kamfanonin Turai suka mamaye harkar tun farkon ƙarni na 20, 'yan cin rani daga ƙasar Hausa suka zama masu ɗaukar ƙasa da kwanon sarki. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuzarta ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sai ta juyo kan talakan Arewa. Umarni ya sauko daga Razdan zuwa En'e, daga hakimi zuwa dagaci, kowane gari da adadin mazan da zai bayar. Diban gwamna ke nan. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi mutane kimanin 100,000 daga larduna irin su Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauci da Binuwai. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka kai shi sanyin tsaunin Filato, ba bargon kirki, ba wadataccen abinci, ga cunkoso a bukkoki. Ciwon huhu da gudawa suka yi ta ɗauke su, musamman a wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti. Birtaniya ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar 1930 da ta hana aikin tilas, sai ta fake da uzurin yaƙi. Akwai ofishin kula da ma'adinai a Jos a lokacin, amma abin da ya fi damun hukuma shi ne nauyin kuzar da aka auna.

Kwal ɗin Enugu ya kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1950, ana fitar da sama da tan 900,000 a shekara. Daga nan jiragen ƙasa suka koma shan dizal, man fetur ya bayyana, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar ramuka cike da ruwa. Kuza ma ta bi sahu bayan faɗuwar farashinta a kasuwar duniya a 1985. Manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, suka bar tafkuna da ramuka, talaka ya ɗauki diga ya ci gaba da kansa. Ana haƙar kwal har yanzu a kusa da mu, a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko a Gombe domin kamfanin simintin Ashaka, da Anu Araren a yankin Agadas inda kamfanin Sonichar ke samar da lantarki, amma waɗannan buɗaɗɗun ramuka ne da manyan injuna ke yi. Haɗarin da ya fi cin rayuka ya koma ƙananan ramukan da ba su cikin littafin kowa.

A takarda ba mu rasa doka ba. Dokar ƙwadago ta 1974 ta hana sa mata da yara 'yan ƙasa da shekara 16 aiki a ƙarƙashin ƙasa, ta ba wanda ya yi awa 6 ko fiye hutun aƙalla awa ɗaya, da hutun yini guda a kowane mako. Sai dai ba ta yanke adadin awannin aiki ba, ta bar shi ga yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko ƙungiyarsa, ko hukumar tsara albashi. Abin da mahaƙin Ingila ya samu a 1908, na Najeriya bai same shi a rubuce ba. Dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 sun tanadi sashen sufetocin ma'adinai, da sashen kula da ƙananan mahaƙa, da kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Tsarin mulki kuma ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wato ikon yana Abuja, ramin yana daji.

Mu leƙa ramin da yaranmu ke shiga. Faɗin bakinsa bai wuce na rijiya ba. An sassaƙa wuraren taka ƙafa a jikin bango, mai sauka yana riƙe da igiya, tocila ɗaure a goshi da roba, silifas a ƙafa ko ma babu. In ya kai ƙasa sai ya bi jijiyar dutsen a kwance, abin da mutanen Jos ke kira loto, yana sara a durƙushe yana cika buhu ana jawowa. Idan ruwa ya tsattsafo sai a kawo injin ban ruwa mai shan fetur, hayaƙinsa kuwa a cikin ramin yake taruwa. Maƙwabcinsa na can yana sara ta wancan ɓangaren, babu wanda ya san kaurin ƙasar da ta rage a tsakaninsu. Albashi babu. Mai rami ke ba da abinci da kayan aiki, in an dace a raba, in ba a dace ba an yi aikin banza. Saboda haka babu lokacin tashi. Ranar da aka ga alamar samu, kwana ake yi a ciki, wasu har da haɗiyar ƙwaya don kada su ji gajiya. Baki ɗaya ne, kamar na Hartley, shekara fiye da 160 bayan an gane illarsa.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, saboda ana daka dutsen zinare a tsakar gida inda ake girki da renon yara. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ranar 7 ga Nuwamba, 2021, ramukan zinare suka rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, dab da iyakar Katsina, mutum aƙalla 18 suka rasu. A farkon Yunin 2024, bayan ruwan sama mai yawa, rami ya danne mahaƙa da dama a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro. A duk waɗannan wurare hukuma ta iso, amma bayan an fara haƙa kaburbura.

Martanin gwamnati ya fi karkata ga hani da kame. An haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, aka ɗage haramcin a ƙarshen 2024. A Maris na 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da rundunar tsaron ma'adinai mai jami'ai sama da 2,000 daga cikin 'yan sibil difens. Ba na musun cewa 'yan bindiga da masu fasa-ƙwauri sun shiga harkar, kuma dole a tunkare su. Amma mai bindiga lasisi yake tambaya. Sufeto shi ke auna iska, ya duba tokara, ya tambayi shekarun yaron da ke jan buhu da lokacin da ya shiga rami. Idan aka kori mahaƙa da bindiga, dare suke komawa yi, sannan ko an samu haɗari ɓoye shi suke yi don tsoron kamu. Gadon Enugu ne wannan, inda aka tura 'yan sanda kan nakiya aka bar koken masu sara.

Yankinmu yana da damar da waɗancan wurare ba su samu ba, domin harkar ba ta riga ta fi ƙarfin hukuma ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Kazaure ya bi, kuma duk inda irin wannan aiki ya ratsa, neman tsakuwa da yashi da marmara ƙaruwa yake yi. Doka ta ce ba a ba da lasisin haƙa sai da amincewar mai ƙasa, babban mai haƙa kuma sai ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin. Hakimai da dagatai na masarautun Kazaure da Ringim na iya riƙe wannan dama su gindaya sharuɗɗa kafin a kafa diga: a rubuta sunan duk mai shiga rami, ban da yara, ban da sara a gindin gaɓar da ta yi rumfa, ban da aiki a rami bayan ruwan sama sai an duba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure na iya koya wa masu fasa dutse da masu yashi abin da ya shafi ƙura da tokara da agajin farko, ƙananan hukumomi kuma su taimaka musu su yi rajistar ƙungiyoyin gama kai, yadda sufeto zai san inda zai same su.

Sauran aikin na 'yan majalisa ne. Muna kira ga wakilin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, da na Babura da Garki, su tashi a zauren majalisar wakilai su nemi ma'aikatar ma'adinai ta faɗi yawan sufetocin da ke kula da Jigawa da wuraren da suka ziyarta a bana, sannan su gabatar da gyaran dokar ƙwadago da zai rubuta awa 8 ƙarara ga duk mai aiki a cikin rami.